Akwalar Mai Kuɗi Kayan Tarihi, Akwalar Talaka Laifi

 Ina roƙon ka ba ni fili a wannan mujalla tamu mai farin jini domin in ƙarasa wata magana da lokaci ya hana ni yi a gaban jama'a.

Waɗanda suka halarci zaman muhawara na ƙarshe da ƙungiyarmu ta yi a zangon karatun da ya wuce za su tuna da maƙalar da wani ɗan'uwanmu, wanda muke aji ɗaya da shi, ya gabatar. Ya haska mana hotuna a bango na wani Ba'amurke da ya sayi tsohuwar mota irin mai ɗakin kwana da madafa da makewayi a cikinta, wadda ta daɗe a yashe a bayan gidan wani har ciyawa ta fito ta ƙarƙashinta. Mutumin ya ɗauki shekaru yana gyaranta da hannunsa, sa'an nan ya kwashi matarsa da 'ya'yansa suka tafi jihar Fulorida, suka yada zango cikin itatuwa kusa da shahararren dandalin wasannin nan na kamfanin Disney. Daga waɗannan hotuna ɗan'uwan namu ya fitar da hukunci uku. Ya ce Turawa sun san darajar tsohon abu, mu kuwa ba mu sani ba. Ya ce sun san hutu, mu kuwa sai wahala. Ya kuma ce gida a kan taya shi ne 'yanci na ƙarshe da ɗan Adam ya kai gare shi. Aka yi ta tafi kamar ɗakin zai tsage. Na ɗaga hannu, shugaban zama ya dubi agogo ya ce an kira salla.

To, ga abin da na so in faɗa. Hotunan nan gaskiya ne, ban ce an ƙaga su ba. Amma hukuncin da aka ɗora musu ganin kitse ne ake wa rogo, kuma abin da ya fi damuna shi ne mu ɗaliban harshe da al'ada ne muka yi masa tafi, mu da ya kamata mu fi kowa sanin cewa mai ɗaukar hoto shi yake zaɓen inda zai tsaya.

Bari mu fara da motar kanta, don kada a ce ina magana a kan abin da ban nazarta ba. Irin wadda aka nuna mana kamfanin General Motors ne ya ƙera ta a garin Pontiac na jihar Mishigan, daga 1973 zuwa 1978, da sunan GMC. Guda 12,921 kacal aka yi, iri biyu, mai tsawon ƙafa 23 da mai ƙafa 26. Tayoyinta shida, na gaba su ke jan ta, na baya kuwa a kan jakunkunan iska suke zaune domin kada ta riƙa jijjiga masu ciki. Bodinta na gorar ruwa ne da wata irin roba mai ƙarfi, shi ya sa tsatsa ba ta cin jikinta kamar sauran motoci. Injin da aka fara sa mata lita bakwai da rabi ne, watau ya kusa ninka na Fijo 504 sau huɗu, kuma galan guda na fetur da ƙyar yake kai ta mil goma. Rashin sa'arta shi ne a shekarar da ta fito, cikin Oktoba na 1973, ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai saboda yaƙinsu da Isra'ila, farashin fetur ya tashi, dogayen layuka suka bayyana a gidajen mai. Bayan shekara biyar kamfanin ya daina yin ta.

Wanda ya sayi irin wannan mota bayan ta yi shekara arba'in da wani abu, aiki ne ja a gabansa. Zai fara da rufi da tagogi, domin duk inda ruwa ya sami kafa ya shiga, katakon daɓen ya ruɓe, sai an ɓamɓare kujeru da gado da kabad an shimfiɗa sabo. Zai canja tayoyi shida ko da zanensu bai cinye ba, domin roba tana tsufa a tsaye. Zai bi bututun burki da na mai ɗaya bayan ɗaya, musamman da yake fetur ɗin Amurka na yanzu ana gauraya shi da barasar masara kashi goma cikin ɗari, ita kuwa tana cin tsohuwar roba. Zai sauke kafireto ya wanke, ya duba lagireto, ya sake jakunkunan iskar nan na baya, ya gwada bututun gas ɗin girki kada wata rana ya tashi da su, ya farfaɗo da janareto, ya wanke tankunan ruwa, na sha da na ƙazanta. Wannan aiki ne na haƙuri da basira, kuma wanda ya yi shi da hannunsa na jinjina masa. Ba ni da rigima da gumin kowa.

Rigimata tana wajen da aka ce mu ba mu san darajar tsohon abu ba. Haba ɗan'uwa! A wace ƙasa ka tashi? Kamfanin Fijo ya buɗe masana'antar haɗa motoci a Kaduna a 1975, tsakiyar shekarun da ake ƙera wannan GMC ɗin, kuma wanda ya bi hanyoyin kasuwannin ƙauye ya san tsofaffin Fijon nan sun yi shekara da shekaru suna ɗaukar buhunan gero da awaki da mutane a kan hanyar da ko jaki sai ya yi tunani. Wa ya riƙe su? Bakaniken da ke zaune a gindin darbejiya da sufana uku da tsohon batir, wanda idan abin gyara ya ɓace a kasuwa sai ya je Ƙofar Ruwa ya tono na wata mota dabam, ya kai wa mai walda, ya goge, ya daidaita, ya ɗaura, mota ta tashi. Haka kuma ƙaramar bas ɗin Volkswagen da matasan Amurka suka mayar ɗakin kwana suna yawo da ita a shekarun 1960, wadda a yau masu kuɗi ke rububin saye a wajen gwanjon kayan tarihi, ita ce dai ta zama danfo a Legas tana jigilar ma'aikata tun asuba. Mota ɗaya ce, inji ɗaya, gyara ɗaya. Ba'amurke ya gyara tasa domin nishaɗi aka ɗauke shi hoto aka haska mana a jami'a. Bakanikenmu ya gyara tasa domin yara su ci tuwo, mu kuma 'yan boko idan muka gan ta sai mu toshe hanci mu ce akwala. Ashe ke nan ba darajar tsohon abu muke gani ba, darajar mai shi muke gani. Da tsohuwar zuma ake magani, mun sani tun kafin a haifi General Motors, sai dai mun koyi jin kunyar zumarmu.

Kada kuma a ɗauka can ɗin ma kowace tsohuwar mota ake yi wa maraba. Yawancin wuraren yada zango na 'yan kasuwa a Amurka suna karɓar kowa, amma akwai da dama da ke da wata ƙa'ida da matafiya suka sani sarai, cewa motar da ta wuce shekara goma ba ta shiga sai mai wurin ya ga hotonta ya yarda. Wanda ya kashe dubban daloli ya yi wa tasa fenti tana ƙyalli, sai a ce masa bismilla, tasa ai kayan tarihi ce. Wanda tasa ta koɗe domin a cikinta yake zaune rani da damina, sai a ce masa wuri ya cika. Shekarun motocin ɗaya ne. Aljihun masu su ne ya bambanta.

Yanzu mu zo ga dajin da aka nuna mana, wanda ɗan'uwanmu ya ce iyalin sun koma cikinsa domin su kusanci halittar Ubangiji. A 1964 da 1965 kamfanin Disney ya sayi fili fiye da eka 27,000 a kusa da garin Orlando, a kan kuɗi wajen dala miliyan 5, ta hanyar wasu ƙananan kamfanoni masu sunaye dabam dabam domin kada masu gonaki su gane mai sayen su tsawwala farashi. Yawancin wurin fadama ce da dausayi. A 1967 majalisar jihar ta ba kamfanin wata hukuma ta musamman mai ikon yin hanyoyi da magudanai da kashe gobara da tsara gine-gine, kamar dai ƙaramar hukuma mai zaman kanta, kuma haka abin ya zauna har 2023 da gwamnatin jihar ta karɓe ikon naɗa shugabanninta. Aka haƙa magudanai masu tsawon mil da yawa aka janye ruwan fadamar. Tafkin da ke gefen wurin zangon ma sai da aka zuƙe ruwansa, aka kwashe taɓon ƙasansa, aka ɗebo farin yashin da aka tarar a ƙarƙashi aka shimfiɗa a gaɓa, sa'an nan aka sake cika shi. Dandalin ya buɗe ran 1 ga Oktoba 1971, wurin yada zangon kuma ya biyo baya cikin Nuwamba na shekarar. Faɗinsa wajen eka 750 ne, da gurabe kusan 800, kuma mai irin wannan mota yana tarar da daɓen siminti da zai tsaya a kai, da wutar lantarki da famfo da bututun zubar da ƙazanta suna jiransa. Akwai bas da ke zagayawa, akwai kanti, akwai wurin iyo, akwai jirgin ruwa da zai kai ka ƙofar dandali.

Jama'a, wannan shi ne daji? Mu da muka san abin da ake nufi idan aka ce mutum ya kwana a daji, mu za a nuna wa otal marar rufi a ce mana daji ne? Ban ce wurin ba shi da daɗi ba. Na ce a kira shi da sunansa. Sana'ar kamfanin nan tun asali ita ce ya ƙera abin da ya yi kama da gaskiya ya sayar, fadar sarki da ba sarki a cikinta, kasuwar garin da ba a taɓa haihuwar kowa a cikinsa ba, dutsen da aka zuba da siminti. Dajin ma ɗaya ne daga cikin hajarsa, kuma ya iya sana'arsa ƙwarai. Laifin namu ne idan muka sayi hajar da idanunmu daga nan, ba mu ko taya ba.

Sunayen ma abin dubawa ne, tun da nazarin suna aikinmu ne. Sunan wurin zangon Fort Wilderness, ma'anarsa sansanin soja na cikin daji. A wannan yanki na Fulorida an yi sansanonin soja na gaske, domin daga 1835 zuwa 1842 sojan Amurka sun yi yaƙi da ƙabilar Seminole don su kwashe su daga ƙasarsu zuwa yamma, kuma garin Orlando kansa ya tsiro ne kusa da ɗaya daga cikinsu, Fort Gatlin, wanda aka kafa a 1838. Haka kuma kamfanin da ya fi kowa suna a ƙera irin waɗannan motoci, Winnebago na jihar Ayowa, wanda ya fitar da ta farko a 1966, sunan da yake amsawa asalinsa na wata ƙabilar 'yan ƙasa ne, waɗanda su kansu suke kiran kansu Ho-Chunk. Gwamnati ta tashe su daga Wisconsin zuwa Ayowa a 1840, daga nan zuwa Minnesota, daga nan zuwa Dakota a 1863, har da yawansu suka ƙare a Nebraska a 1865. Mutanen da aka yi ta kora daga zango zuwa zango ba da son ransu ba, yau sunansu ne a rubuce a goshin motar yawon shan iska. Wanda ya karanci adabi bai kamata irin wannan ta wuce shi ba.

Sai maganar hutu da kuɗinsa. Ranar da aka buɗe dandalin a 1971 babba yana shiga da dala uku da rabi, sa'an nan ya sayi tikitin kowane wasa dabam. A 2015 tikitin yini ɗaya na babban dandalin ya haura dala 100. A shekarun da suka biyo bayan 2020, gurbin tsayar da mota mai wuta da ruwa a wurin zangon yakan haura dala 100 a dare guda, lokacin Kirsimeti kuwa ya fi haka nesa. Mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Miji da mata da yara biyu, kwana ɗaya da yini ɗaya, sun tasar wa dala 500, ba a sa fetur ɗin wannan inji mai lita bakwai da rabi ba, ba a sa abinci ba. A 2018 ƙungiyoyin ma'aikatan wurin suka cim ma yarjejeniya da kamfanin cewa mafi ƙarancin lada zai tashi daga dala 10 a awa zuwa dala 15 kafin ƙarshen 2021. A kan dala 15, awa takwas dala 120 ke nan. Watau mai sharar da ke tsabtace wurin sai ya yi aikin kwana huɗu cur, bai ci ba bai biya haya ba, kafin ya kusa tara abin da baƙon ya kashe a yini guda. To, da aka ce Turawa sun san hutu, waɗanne Turawan ake nufi?

Nan ne muka iso inda mai hoton ya juya wa baya. Mil kaɗan daga ƙofar dandalin akwai babbar hanya mai lamba 192 da ta ratsa garin Kissimmee, jere da ƙananan masaukai masu araha da aka gina domin 'yan yawon buɗe ido. Da shekaru suka tura, musamman bayan rikicin bashin gidaje na 2008 da ya raba miliyoyin Amurkawa da muhallinsu, sai ɗakunan nan suka cika da iyalan da ba su da gida, suna biya mako mako, uwa da uba da yara a ɗaki guda. A 2017 Sean Baker ya yi fim a kan yaran wannan hanya mai suna The Florida Project. A can Kalifoniya kuma, inda dandalin farko na kamfanin yake tun 1955, wani bincike da aka yi a 2018 a kan ma'aikata wajen 5,000 ya nuna fiye da ɗaya cikin goma sun ce sun rasa wurin kwana na kansu a wani lokaci cikin shekara biyun da suka gabata, wasunsu a mota suke kwana. Gaskiya ita ce ƙungiyoyin ƙwadago ne suka ɗauki nauyin binciken, kamfanin kuma ya musanta shi, na faɗi wannan domin adalci. Amma ƙidayar da gwamnatin Amurka ta yi da kanta a dare guda cikin Janairu na 2024 ba ƙungiyar ƙwadago ta yi ta ba, kuma ta sami mutum fiye da 770,000 marasa muhalli.

A 2017 ɗin dai wata 'yar jarida, Jessica Bruder, ta fitar da littafi mai suna Nomadland, bayan ta yi shekaru tana bin dattawan Amurka, maza da mata, masu shekara sittin da saba'in, waɗanda fanshonsu bai isa haya ba suka koma zama cikin tsofaffin motoci. Suna bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha, yau girbin gwoza mai sukari, gobe gadin wurin zango, gabanin Kirsimeti kuma ɗaukar kaya a rumbunan kamfanin Amazon, wanda a wancan lokaci yake da shiri na musamman na ɗaukar mazauna mota. Fim ɗin da aka yi daga littafin ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. A shekarar nan ta 2021 kuma masana'antun Amurka suka fitar da sababbin motoci da tireloli na yawon shaƙatawa fiye da 600,000, adadin da ba a taɓa kaiwa ba kafin nan. Kasuwa ɗaya ce mai ƙofa biyu. Ta gaba masu hali suna shiga su sayi sabuwa ko su gyara tsohuwa domin hutu, ta baya kuma abin da suka yar yana gangarowa ga wanda ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa.

Ga kuma abin da doka ta ce, wanda shi ne ƙashin bayan maganata. Wani ƙaramin gari a jihar Oregon mai suna Grants Pass ya kafa dokar hana kwana a filayen hukuma, har da kwana cikin mota a wuraren shaƙatawa na gari, tarar farko dala 295, wanda ya yi ta maimaitawa kuma yana iya ƙarewa a kurkuku. Marasa gida suka kai ƙara, daga cikinsu har da masu kwana a mota. Ran 28 ga Yuni 2024 Kotun Ƙoli ta Amurka, alƙalai shida a kan uku, ta ce garin bai saɓa wa tsarin mulki ba. A jihar Fulorida kanta, wata doka ta fara aiki ran 1 ga Oktoba 2024, shekara 53 daidai da buɗe dandalin, wadda ta hana ƙananan hukumomi barin mutane su riƙa kwana a tituna da filayen jama'a. Dokar ta keɓe mutum biyu. Ta keɓe mai yada zango domin nishaɗi a wurin da aka tanada, ta kuma keɓe mai kwana a motar da ke da rajista da inshora, wadda aka tsayar inda doka ta yarda. Ku duba da kyau, 'yan'uwa. Barci ɗaya ne, dare ɗaya, sauro ɗaya. Wanda ya kwana a waje domin yana so, ya biya, doka ta ce masa a tashi lafiya. Wanda ya kwana a waje domin dole, inshorarsa ta ƙare, doka ta aiko masa ɗan sanda. Wannan shi ne 'yancin da muka yi wa tafi? 'Yancin da ake nuna rasit kafin a ba ka, a Hausa sunansa haya.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce hassada ce, ko kuwa irin ƙiyayyar Turawan nan da ɗalibai suke yayi. Za a ce mutumin nan bai zalunci kowa ba, guminsa ne, 'ya'yansa sun yi murna, kuma watakila da motar ya fi samun sauƙi bisa ga kama ɗaki a otal. Duk na yarda. Uban da ya kwanta ƙarƙashin mota da ɗansa yana miƙo masa sufana ya ba yaron abin da ba a saye da kuɗi, kuma da ni ne ɗan da na yi alfahari. Ban tuhumi mutumin ba, bai ma san muna yi ba. Wanda nake tuhuma shi ne ɗalibin da ya ɗauki hutun mako guda na iyali ɗaya ya auna al'umma biyu da shi, ya ɗaga ɗaya sama ya buga ɗaya da ƙasa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne, hangen dala ma haka. A cikinmu akwai masu kwana da tashi da mafarkin tsallakawa can, kuma irin waɗannan hotuna su ne itacen da ke hura wutar. Wanda zai tafi ya tafi, Allah ya kiyaye hanya, amma ya tafi da sanin cewa a ƙasar akwai mai kwana a mota yana dariya, akwai mai kwana a mota yana sauraron takun ɗan sanda, kuma baƙon da ya sauka da jaka ɗaya ya fi kusa da na biyun.

Game da cewa gida mai tafiya sabon 'yanci ne da Bature ya gano, wannan kam sai dai mu yi murmushi. Kalmar zango da nake ta amfani da ita tun ɗazu ba aro ba ce. Fatakenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna bin madugu zuwa Gwanja fataucin goro, suna yada zango suna tashi, har unguwannin da suka kafa a Gana suna amsa sunan zango zuwa yau. Bafulatanin da ke ɗaure gidansa a bayan takarkari ya bi ruwa da ciyawa ya riga General Motors sanin gida mai tafiya. Shin shi mun taɓa haska hotonsa a bango muka kira shi mai 'yanci? Ashe mu ma ma'auninmu biyu ne, irin na dokar Fulorida. Matafiyi mai kuɗi ɗan yawon buɗe ido ne, matafiyi talaka abin zargi.

Ba zan rufe ba sai na faɗi abu guda da lalle suka fi mu, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Dalilin da ya sa motar 1976 take iya tashi bayan shekara arba'in shi ne rubutu. Kamfanin ya buga littafin gyaranta da na sassanta, kowane ƙarfe da lambarsa da zanensa. Masu irin motar sun kafa ƙungiyoyi, suna taruwa, suna rubuta abin da kowa ya gano, cewa abu kaza na wata mota yana shiga gurbin abu kaza, suna ajiyewa domin na baya. Bakanikenmu ya san abin da ya kai wannan ko ya fi, amma a kansa yake ɗauke da shi, ranar da aka kai shi makwanci an binne littafi guda. Nan ne aikinmu yake, mu ɗaliban Hausa. Kalmomin nan da na ambata, kafireto da lagireto, da 'yan'uwansu fulogi da salansa da totur da kuloci, ba kwamitin malamai ne ya zauna ya ƙirƙire su ba. 'Yan gareji ne suka kama baƙin kalmomi suka lanƙwasa su har suka zauna a bakin Bahaushe, kamar yadda suke lanƙwasa ƙarfe. Mu nawa ne muka taɓa zuwa gareji da littafi da biro muka zauna a kan tsohuwar taya muka ce, Baba, koya mini sunan wannan, kuma yaya ake gane ya lalace?

Saboda haka ina ba ƙungiyarmu shawara, a gaban malamanmu masu daraja, cewa a hutun da ke tafe kowane ɗan ƙungiya ya je garejin garinsu ya tattaro kalmomi da bayanin gyara daga bakin masu sana'ar, da izininsu da sunayensu, mu haɗa mu tace mu buga a fitowa ta musamman. Ni na ɗauki alkawarin kawo kalma ɗari. Ɗan'uwana mai maƙala kuwa, tun da ya nuna yana ƙaunar tsofaffin motoci, ina gayyatarsa mu tafi tare, ya zo da na'urarsa ta ɗaukar hoto. Idan kuma yana da amsa ga abin da na faɗa, na tabbata Malam Edita ba zai hana shi fili ba, kuma a wannan karon babu agogon da zai cece mu.